Fim ɗin sata da ya ɓoye wa 'yan kallo satar

Makon jiya na zauna na sake kallon Ocean's Eleven da Ocean's Twelve a jere, a dare guda. Da gangan na yi haka, domin a 'yan shekarun nan ina ta cin karo da masu sharhin fina-finai da ke ƙoƙarin wanke na biyun, suna cewa mu da muka tashi daga kallonsa rai a ɓace ba mu fahimce shi ba ne. Na ce bari in ba shi haƙƙinsa, wataƙila ƙuruciya ce ta rufe mini ido a wancan lokacin. Da aka zo ƙarshe, inda Danny Ocean, shugaban gungun ɓarayin, yake zaune a wani katafaren gida a bakin tafkin Como na Italiya yana bayyana wa abokin hamayyarsa yadda aka yi aka ci shi, sai na ji abin da na ji tun farko, bai ragu ko kaɗan ba. Na ji an raina mini hankali. Sa'a biyu na yi ina bin gungun ɓarayi da zuciya ɗaya, ina jin tsoro idan sun shiga haɗari, ina jin takaici idan an kama su, sai a mintunan ƙarshe aka gaya mini cewa satar da na zo kallo an riga an gama ta kwanaki da suka wuce, a bayan idona.

Kafin in shiga zancen fim ɗin sosai, akwai tambayar da mutumin kirki zai yi, kuma ta cancanci amsa. Me zai sa mai hankali ya zauna yana fatan ɓarayi su yi nasara? Sata ba abin yabo ba ce, caca ma haka. Masu shirya irin waɗannan fina-finai sun san da wannan, shi ya sa suke zaɓen wanda za a yi wa satar da kyau. Gidan caca wuri ne da aka gina a kan lissafin da ke tabbatar da cewa mai gida ba ya faɗuwa. Ɗauki faifan rulet irin na Amurka: ramuka 38 ne a jikinsa, amma idan ka zaɓi lamba ɗaya ta faɗo, ninki 35 za a biya ka. Wannan ɗan giɓin yana ba gidan ribar fiye da kashi 5 cikin ɗari na duk kuɗin da aka zuba a kan teburin, yau da gobe, dare da rana. Tun 1931 da jihar Nevada ta halatta caca, da irin wannan giɓi aka gina birnin Las Vegas a tsakiyar hamada, har aka kai ga otal ɗin Bellagio da aka buɗe a 1998 bayan ya lashe kusan dala biliyan 1.6. Idan fim ya ce yau za a shiga ɗakin ajiyar irin wannan gida a kwashe, ɗan kallo ba ya jin tausayin mai gidan. Amma ko wannan ba shi ne ainihin abin da ke riƙe mu a kujera ba. Satar gaske mummuna ce, babu abin kallo a cikinta. A watan Disamba na 2010 wani mutum ya shiga Bellagio ɗin nan da hular kwano ta babur a kansa da bindiga a hannu, ya kwashi kwabban caca na kusan dala miliyan ɗaya da rabi ya hau babur ya tsere, kuma cikin 'yan makonni aka kama shi yana neman wanda zai sayar wa. Babu wanda zai biya kuɗin sinima don ganin wannan. Abin da muke zuwa kallo shi ne gwaninta: mutanen da kowa ya iya sana'arsa sun fuskanci ƙofar da aka ce ba ta buɗuwa, mu kuma muna gefensu muna ganin yadda za su yi da ita.

Fim ɗin farko, wanda Steven Soderbergh ya ba da umarni a 2001 daga labarin da Ted Griffin ya rubuta, ya fahimci wannan sarai. Shi ma sabunta wani tsohon fim ne na 1960 da Frank Sinatra ya jagoranta, amma ya fi na asalin tsari nesa ba kusa ba. Tun da wuri ake shimfiɗa mana komai a faifai. Ga ɗakin ajiya a can ƙarƙashin Bellagio, inda ake tara kuɗin gidajen caca uku, Bellagio da Mirage da MGM Grand, duk mallakar bos ɗin fim ɗin, Terry Benedict. Ga ƙofofi masu lambobin sirri da ake sauyawa, ga lifta da ba ta motsi sai da shaidar yatsa da ta murya, ga na'urorin da ke jin motsi a ramin liftar, ga masu gadi da bindigogi. Ga kuma daren da za a yi aikin, daren damben Lennox Lewis da Wladimir Klitschko, lokacin da kuɗin da ke ciki za su haura dala miliyan 150. Wani dattijo a cikin gungun ma ya yi tambayar da ke zuciyar kowane ɗan kallo: to, a ce an wuce duk waɗannan, ta yaya za a fito da wannan uban kuɗi ba a tare mu ba? Daga wannan lokacin ɗan kallo ya zama na goma sha biyu a cikin gungun nan na ɓarayi goma sha ɗaya. Ya san matsalar, yana ta juya ta a kansa.

Sannan kowa a cikin goma sha ɗayan nan yana da abin da ya kawo shi. Yen, ɗan wasan alkafura daga Sin, shi ne zai naɗe jikinsa a cikin keken tura kuɗi a shigar da shi ɗakin. Basher shi ne zai kashe wutar birnin na ɗan lokaci. Frank mai raba karta ne da ya sami aiki a cikin gidan. Livingston ya kama layukan kyamarorin tsaro. Saul, dattijon nan, ya rikiɗe ya zama hamshaƙin baƙo mai jakar duwatsu masu daraja da yake son a ajiye masa a ɗakin. Linus ɗan sane ne, yatsunsa ake buƙata a aljihun Benedict. Cire mutum ɗaya, aikin ya rushe. Kuma abubuwa suna lalacewa a gaban idonmu, lalacewa ta gaske. Yen ya ji ciwo a hannu kwana kaɗan kafin aikin. An ɗora jakar Saul a kan murfin keken da yake ɓoye a ciki. Batirin na'urar tayar da nakiya ya mutu a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Duk sanda irin wannan ta faru, gabanmu yana faɗuwa ne saboda mun san abin da ya kamata ya faru, mun kuma ga bai faru ba.

Shi ma fim ɗin farko ya ɓoye mana wani abu, ba na musun haka. Ba mu san cewa 'yan sandan kwantar da tarzoma da suka shigo gidan su ne ɓarayin ba, ba mu kuma san cewa hoton da Benedict yake kallo a talabijin ɗin tsaro an ɗauke shi ne tun da farko a wani wuri dabam ba. Sai dai an gina kwafin ɗakin ajiyar a gabanmu, mun ga ana kafa shi a wani sito, mu ne muka ɗauka don gwaji kawai aka yi shi. Da asiri ya tonu, ɗan kallo yana dafe kai ne ya ce ai kuwa na gani, ban dai lura ba. Wannan jin daɗi ne, irin na wanda aka kayar a kacici-kacici da amsar da ke gabansa tun farko. Akwai ma wani rami a labarin da har yau ba a cike shi ba, wato yadda jakunkunan takardun banza da aka fitar a matsayin kuɗi suka shiga ɗakin tun farko. Na yafe wannan, kuma yawancin 'yan kallo sun yafe, domin fim ɗin ya riga ya biya mu da aikin da muka gani da idonmu.

A 2004 aka dawo da na biyu, darakta ɗaya, jarumai ɗaya, an ƙaro Catherine Zeta-Jones da Vincent Cassel. Kuskuren farko yana cikin tushen labarin. Benedict ya gano su ɗaya bayan ɗaya, ya ba su mako biyu su dawo masa da kuɗinsa har da ruwa, in ba haka ba su baƙunci lahira. Mutanen da a fim ɗin farko suka fita farauta da ƙafarsu, kowa da dalilinsa, Danny yana son matarsa Tess ta dawo, Reuben yana son rama ƙwace masa gidan caca da aka yi, yanzu sun zama masu neman kuɗin biyan bashi. Nasarar da muka taya su murna a kanta an warware ta a mintuna goma sha biyar na farko. Kuma tun da ba za su iya aiki a Amurka ba, sai aka kwashe su zuwa Turai. Ta haka aka rabu da gidan caca gaba ɗaya, aka rabu da abokin gaba guda mai gida guda mai ƙofa guda, aka shiga yawo tsakanin Amsterdam da Paris da Rum da tafkin Como.

A Amsterdam aka ba su aikin sato wata tsohuwar takardar hannun jari ta kamfanin kasuwancin Holan da aka kafa a 1602, daga gidan wani attajiri da ba ya fita waje. Dabarar da suka yi tana da ban sha'awa: sun shiga ƙarƙashin ruwa sun ɗaga gini sukutum da na'urori don a sami saitin harbi ta taga. Wannan kaɗai ya isa a gina rabin sa'a na zaman ɗar-ɗar a kansa. Amma fim ɗin ya tsallake daren, ya kai mu washegari, inda jami'ar 'yan sandan Turai Isabel Lahiri take zagaya gidan tana hasashen yadda aka yi, ana nuno mana guntu-guntu. Mun riga mun san sun shiga sun fita lafiya, to tsoron me za mu ji? A nan ne na fara zargin cewa masu fim ɗin sun gaji da sata, wani abu dabam suke son yi.

Sauran gungun kuwa, zaman kashe wando aka kawo su yi. Frank, wanda Bernie Mac ya fito a matsayinsa, an kama shi tun a Amsterdam, ya shafe mafi yawan fim ɗin a tsare. Yen an saka shi cikin jaka, jakar ta ɓata ta tafi Madrid. Saul ya janye jikinsa ya koma gefe. Gwanaye ne aka tara aka hana su taɓa kayan aikinsu, sai hira a ɗakin otal da tashar jirgin ƙasa, ana musu a kan wa ya fi wa tsufa a fuska da wane suna ya kamata a riƙa kiran gungun.

Sai babban aikin. Wani ɓarawo ɗan Faransa, François Toulour, shi ne ya tona musu asiri a wurin Benedict, saboda kishi: an taɓa cewa Danny ne ɓarawon da ya fi kowa a gaban LeMarc, maigidan Toulour, maigidan kuma bai musa ba. Ya ƙalubalanci Danny su yi tsere a kan abu guda, idan Danny ya riga shi, Toulour zai biya bashin duka. Abin da aka zaɓa abu ne na gaske a tarihi, ƙwan zinare da gidan Fabergé ya ƙera a 1897, wanda sarkin Rasha Nicholas na Biyu ya ba matarsa Alexandra don tunawa da naɗinsu, da ɗan ƙaramin keken doki na zinare a cikinsa. A shekarar da fim ɗin ya fito ma wani attajirin Rasha, Viktor Vekselberg, ya saye shi tare da wasu irinsa daga hannun iyalan Forbes. A cikin fim ɗin an kawo ƙwan baje koli a wani gidan tarihi a Rum. Aka nuna mana shiri, za a musanya shi da hoton haske mai kama da na gaske. Aka kama rabin gungun. Waɗanda suka rage suka yi ta kame-kame, suka sake sabon shiri, shi ma ya rushe, aka kama kowa da kowa. Mahaifiyar Linus ce ta zo da rigar jami'ar tsaron Amurka ta fitar da su.

Bayan duk wannan ne aka kai mu tafkin Como aka ce mana ai ƙwan da ke gidan tarihin na bogi ne. LeMarc ya riga ya tsegunta wa Danny da na hannun damansa Rusty cewa na gasken yana cikin wata jakar goyo da wani zai ɗauko a jirgin ƙasa daga Paris. Suka shiga jirgin, suka tayar da faɗan ƙarya, suka musanya jakar. Minti biyu ko uku aka nuna wannan, a matsayin waiwaye, da hoto mai dishi-dishi. Duk abin da ya faru a Rum wasan kwaikwayo ne suka shirya don Toulour da ke leƙensu.

Wannan shi ne abin da na kasa haɗiyewa. Akwai bambanci tsakanin fim ya ɓoye maka abu da fim ya yi maka ƙarya. A na farko an ajiye kwafin ɗakin ajiya a gabanka, kai ne ba ka gane amfaninsa ba. A na biyu babu abin da aka ajiye da mai lura zai iya ɗauka ya haɗa ya kai ga jirgin ƙasan nan. Ba a gaya maka akwai ƙwai biyu ba, ba a nuna maka ganawar da LeMarc ba sai bayan an gama. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wuraren da 'yan gungun suke su kaɗai, suna cikin damuwa, suna neman mafita, Linus yana rawar murya yana ƙoƙarin jagorantar waɗanda suka rage. Idan sun san ƙwan yana hannunsu, wa suke yi wa wannan wasan? Fim ɗin zai ce Toulour yana da kyamarori a ko'ina. Amma idon da ke kallonsu a waɗannan wurare namu ne. Mu aka yi wa wasan. A fim ɗin farko muna cikin ɓarayin, Benedict ne aka yaudara. A na biyu an fitar da mu daga cikinsu an tsayar da mu a layi ɗaya da wanda aka cuta. Ko a tatsuniya, daɗin wayon Gizo shi ne mai sauraro ya san tarkon da ya ɗana, yana jiran ya ga wa zai faɗa. Da mai ba da tatsuniyar zai kai ƙarshe ya ce ai Gizo ya cinye abincin tun jiya, duk abin da na faɗa muku yau ba haka ba ne, yara ma sai sun yi masa ihu.

Nasarar ma ba tasu ba ce. Ba su fi Toulour wayo ba, ba su fi shi gwaninta ba. Wani dattijo ne ya ba su satar amsa, saboda yana son a haɗa shi da 'yarsa, wadda ta zama ita ce Isabel.

Akwai kuma wurin da aka fi yawan magana a kansa, inda aka kira Tess daga Amurka don ta yi shigar fitacciyar jaruma Julia Roberts, wadda aka ce suna kama, ta shiga gidan tarihin da sunan tana da juna biyu tana son ganin ƙwan. Julia Roberts ɗin ce kuma take fitowa a matsayin Tess, kuma da gaske tana ɗauke da cikin tagwaye a lokacin. Sai ga Bruce Willis ya ɓullo a matsayin kansa. Mutane da yawa sun yi dariya, ni ma akwai inda na murmusa. Amma dubi abin da wannan ya jawo. Fim ɗin sata yana rayuwa ne a kan yardar ɗan kallo cewa bangon nan bango ne, mai gadin nan zai iya harbi, gidan yarin nan gidan yari ne. Da zarar fim ya juyo ya ƙifta maka ido ya ce ai ka san dai taurari ne muke wasa, to ya rushe bangon da hannunsa. Kuma tambaya tana biyo baya wadda ba ta da amsa: idan a duniyar fim ɗin akwai Julia Roberts, kuma Tess tana kama da ita har haka, me ya sa babu wanda ya taɓa lura cewa Danny yana kama da George Clooney, Rusty kuma da Brad Pitt, jaruman da suke fitowa a matsayinsu? Daga wannan wurin na daina ganin Tess matar da ke tsoron kada a kashe mijinta, na koma ganin attajiran Holiwud suna nishaɗi da junansu.

Masu kare fim ɗin suna da hujja, kuma ba zan yi kamar ba su da ita ba. Suna cewa a cikin fina-finan Ocean uku da Soderbergh ya yi babu wanda ya kai shi kyan hoto, kuma gaskiya ne. Soderbergh da kansa yake riƙe kyamara a fina-finansa, da sunan aro Peter Andrews, kuma a nan ya saki hannunsa: launin ruwan zuma a titunan Rum, shuɗi mai sanyi a magudanan Amsterdam, kyamara tana zuƙowa kwatsam, hoto yana daskarewa, duk irin salon fina-finan Turai na shekarun 1960 da 1970. Kiɗan David Holmes yana da daɗin da za ka saurare shi ko babu fim. Suna kuma cewa da gangan aka yi, wai fim ne a kan wahalar yin kashi na biyu: gungun da aka tilasta wa su maimaita nasarar da suka yi don biyan mai kuɗi, kamar yadda kamfani ke tilasta wa darakta. Na yarda akwai wannan karatun a ciki. Amma ko da gangan mutum ya ba ka kwano a rufe babu komai ciki, da yunwarka za ka tashi. Kuma idan darakta yana jin haushin an sa shi yin kashi na biyu, ɗan kallon da ya sayi tikiti ba shi ne ya yi masa laifi ba.

Salo kuma ba shi ne abokin gabata ba. Fim ɗin farko cike yake da salo, tun daga suturar jaruman har zuwa tsayuwar da suka yi shiru a gaban maɓuɓɓugan ruwan Bellagio bayan an gama, kowa ya juya ya tafi ɗaya bayan ɗaya. Wannan wurin yana taɓa zuciya ne saboda mun ga gumin da aka yi kafin a zo nan. Wanda yake son ya ga iyakar abin da nake nufi ya nemi Rififi, fim ɗin Faransa na 1955 da Jules Dassin ya yi. Kusan rabin sa'a ake yi ana fasa shagon gwala-gwalai a Paris ta rufin sama, babu magana, babu kiɗa, sai numfashi da ƙarar guduma da aka naɗe da tsumma, da lema da aka zura ta ramin aka buɗe don ta tare ɓaraguzan kada su faɗo su tayar da ƙararrawa. Babu salon da ya wuce wannan, kuma gaba ɗayansa aiki ne ake nuna maka. A Ocean's Twelve an ɗauki kwalliyar an rataye ta a inda babu jiki.

Yadda aka haifi fim ɗin ya bayyana abubuwa da yawa. Labarin George Nolfi ne, kuma asalinsa ba na gungun Ocean ba ne. Rubutu ne dabam a kan gasa tsakanin ɓarawon Amurka da na Turai, aka ɗauko shi aka yi masa kwaskwarima don ya ɗauki mutum goma sha biyu. Shi ya sa labarin yake da wurin mutum uku ko huɗu kawai, sauran suna tsaye a bakin ƙofa. Dalilin gaggawar kuma a fili yake. Na farko an kashe masa kusan dala miliyan 85, ya kawo kusan miliyan 450 a duniya. Babu kamfanin da zai ga wannan ya bar sunan ya kwanta. Na biyu ya ci kusan miliyan 110, ya kawo kusan miliyan 363. A lissafin 'yan kasuwa kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Amma yawancin waɗanda suka sayi tikitin nan amanar fim ɗin farko ce ta kai su, kuma ita aka kashe. Ina ganin ba banza ba na uku, da ya fito a 2007, ya tattara komai ya koma Las Vegas, ya samo sabon mai gidan caca da Al Pacino ya fito a matsayinsa, ya ba gungun dalili mai sauƙin fahimta, wato rama wa Reuben cutar da aka yi masa, ya kuma sake shimfiɗa mana shirin tun daga farko. Bai kai na farko ba, kuɗin da ya kawo ma ya gaza na biyu, amma ya dawo da mu cikin ɗakin da ake ƙulla shawara.

Wuri ɗaya ne a Ocean's Twelve nake komawa in kalla shi kaɗai, kuma shi ne ya fi ƙara mini takaici. Toulour yana ba Danny labarin yadda ya shiga gidan tarihin da dare. Babban zaure ne, hasken leza yana yawo a cikinsa ta ko'ina ba bisa wani tsari ba, wanda duk ya taɓa jikinka ƙararrawa ta tashi. Ya saka abin jin kiɗa a kunne, ya ja numfashi, ya shiga. Vincent Cassel, wanda ya fito a matsayin Toulour, ya iya capoeira, wasan nan na Brazil da ya haɗa rawa da faɗa, kuma da shi ya ratsa zauren, yana lanƙwasa, yana juyi a kan hannu ɗaya, yana shimfiɗewa a ƙasa haske yana wucewa ta saman ƙirjinsa. Babu magana. An nuna mana shingen, an nuna mana mutumin, an bar mu mu ga ya ƙetare da jikinsa da horon da ya sha. Minti biyu ne kacal, kuma su ne kaɗai a fim ɗin da na ga wani yana aikin da na zo kallo. Wanda ya yi aikin shi ne aka ce mana ya faɗi, abin da ya ɗauko a ƙarshen zauren kuma ƙwan bogi ne.